Rumbun da Aka Toshe

Kakata Iya Tabawa ba ta taɓa yin tatsuniya kyauta ba. Sana'arta turara shinkafa a ƙauyenmu na bakin kanal ɗin ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure, kuma duk jikan da ke son labari sai ya biya da iza wuta. Bayan isha'i za mu kewaye durom ɗinta muna tura ɓuntun shinkafa cikin murhu, hayaƙi na sa mu hawaye kamar an yi mana rasuwa. Sauro kuwa irin na bakin ruwa, wanda in ya cije ka sai ka waiga ka duba ko kare ne. Ni take kira mijinta, kuma kullum sai ta nemi takardarta, wai ta gaji da miji marar cefane.

"Ga ta nan," in ji ta, "wanda ya yi gyangyaɗi kuma ba na maimaitawa."

Mu ce ta zo mu ji ta.

Wai an yi wani manomi mai ƙaton rumbu, a gindin rumbun akwai huji da bai fi kan yatsa ba. Gero na ɗan zubowa, kajin unguwa na zuwa kowace safiya su tsattsaga su tafi. Ran nan mutumin ya tsuguna ya ga hujin, ransa ya ɓaci. Ya kwaɓa laka ya toshe shi tsaf. Da safe kaji suka zo suka zagaya, suka leƙa, suka juya. Ashe kajin nan ne ke tsince garar da ke ƙarƙashin rumbun. Da suka daina zuwa gara ta samu fili, ta haura ta cinye gindin, ruwan farko na sauka rumbu ya kife, gero ya koma taɓo.

Na yi tsalle na ce, "Iya, na gane! A bar wa kaji huji su kashe maka gara. Riba ke nan!"

Ta ɗaga muciya kamar za ta kwaɗa min. "Ji ɗan banzan miji. Duk labarin nan kai gara ka ji? To in da garar ba ta zo ba fa? Su kajin da me suka kwana?"

Na ce da gashinsu suka kwana. Yara suka fashe da dariya, ita kuwa ta dube ni kawai ta ci gaba da juya shinkafarta.

Yau ga ni da injin casar shinkafa a Kura, da ma'aikata, da tumbin da ke riga ni shiga ɗaki. Bayan injin akwai tulin ɓuntu kamar dutse. Tun kafin in san kan sana'ar, al'ada ce mata su zo da faifai su bakace ɓuntun, su tsinci tsakin shinkafar da inji ya zubar. Ba mai ba su izini, ba mai hana su. Cikinsu har da Inna Laure, tsohuwar da ta yi shekaru tana taya Iya turare, wadda da tsakin nan take tuƙa wa jikokinta tuwo.

Kwanan baya wani mai gonar kaji daga Kumbotso ya zo ya ce zai riƙa kwashe ɓuntun duka, amma fa kada a bakace, don tsakin ne yake so. Ku ji ikon Allah, kaji dai! Na ce an gama. Na sa aka ja katanga, aka kafa ƙofar ƙarfe, aka rataya kwaɗon da ya kai kan jariri. Ban kira kowa na yi masa bayani ba, na bar wa kwaɗo ya yi.

Washegari ina leƙe ta tagar ofis. Matan suka iso suka yi cirko-cirko. Inna Laure ta matsa ta ɗan taɓa kwaɗon, ta juyo, sai muka yi ido huɗu.

"Mijin Tabawa, an tashi lafiya? Allah ya ƙara kasuwa."

Ta ɗora faifanta a ka ta wuce. Wallahi da zagina ta yi da na samu na yi barci.

Sai na zauna jiran gara. Na ce yau inji zai ƙone, gobe motar kaya za ta faɗa kanal. Shiru. Inji na aiki kamar sabon ango, kasuwa sai buɗewa take. Da wani abu ya same ni da na ce to, na biya, ba sauran bashi. Amma babu garar da ta zo, sai tambayar Iya da ke kabari, wadda na amsa da iskanci ina yaro. Kowane tuwo aka ajiye min sai in ji ta: da me suka kwana?

Na kira mai kaji na ce ya yi haƙuri, ya kira ni mahaukaci, ban musa ba. Na cire kwaɗon na wangale ƙofa. Ba wadda ta dawo, sai kurciyoyi. Ashe matan sun koma takawa da ƙafa har wani inji can hanyar Bunkure, cikin ranar da ke soya ƙwai. Na aika a ce su dawo, aka kawo min amsa wai sun gode.

Jiya na ajiye mota a bakin titi, na bi gefen kanal da ƙafa har gidan Inna Laure. Ni da bakina bai taɓa mutuwa a kasuwa ba, na tsaya a zaure ina ta sallama ƙasa-ƙasa kamar ɓarawon akuya. Ta leƙo, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya.

"Me ka tsaya yi a waje?" in ji ta. "Shigo mana, Alhaji. Mu gidanmu ba ƙofa."

Tunda nake, jiya ne ta fara kirana Alhaji maimakon mijin Tabawa.