Saniyar da boru bai sake ta ba

Shekarar da boru ya shigo mana, daga mashaya ya zo, can bayan Illo inda shanunmu ke cuɗanya da na Benin. Boru ciwon baki da ƙafa ne: saniya ta yi ta dalalar da yawu, ta kasa kiwo, ta kasa taka ƙasa.

Baffa, mahaifina, ya yi abin da ya ga iyayensa na yi. Ya dangwalo yawun marar lafiya da tsumma, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana goga musu a baki, don su kamu tare, su warke tare kafin a tashi kiwon rani. Har farar saniyarsa bai tsallake ba, ita kaɗai ta rage daga jinin shanun mahaifiyarsa. Rana kawai muke jira ta haifa mana mace.

Garke ya warke. Ita ma bakinta ya warke, amma fa shi ke nan. Gashi ya tsiro mata buzu-buzu, rana na ɗagawa sai haki kamar ta yi gudu tun daga garin Kende, kullum tana raɓe a inuwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, ko ciki ba ta riƙe ba. Wallahi na tsani tsumman nan har yau!

'Yata da ke karatun likitan dabbobi ta zo hutu, Baffa ya ja ta gindin kalgo, inda saniyar ke raɓe.

"Amarya, mi ya sami saniyag ga? Ai ta warke."

"Tsoho, a cikin kowace ƙwayar halitta akwai masu gyara, kamar mai ɗinkin ƙwarya. In rubutun halitta ya tsage, su ke ɗinkewa. Wasu cututtukan masu gyaran suke fara kamawa. Ko shi ne ya same ta, sai an yi gwaji."

Baffa ya daɗe yana shafa wuyan saniyar.

"Da ban goga mata ba fa?"

Na yi ta ƙifta wa 'yar tawa ido don ta ce da ma saniyar za ta kamu. Yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba, kaico.

"Ban sani ba, Tsoho," ta ce.

Ranar kasuwar Bagudo mahauci ya zo da igiya. Baffa ya ce ni in miƙa ta, shi zai je duba gona. A watan nan babu komai a gonar.