Layi ɗaya da idon Baba Hamani

Ban taɓa mantawa da ranar da Baba Hamani ya shigo ɗakin shan magani na Bagudo ba, cikin damina ta biyu bayan samun 'yancin kai. Masunci ne daga Dole Kaina. Ciwon nan da ƙudan bakin kogi ke kawowa, mai farawa da ƙaiƙayi ya ƙare da makanta, ya riga ya cinye masa idon hagu. Na dama ya rage, kuma da shi yake ci da mutum tara.

Ni ne disfensa, wato mai ba da magani, ba likita ba. Likita daga Birnin Kebbi yake zuwa, sau ɗaya a wata. Ya taɓa bar mini wani ƙaton littafi mai jera rubuce-rubucen likitocin duniya. Abin da ku ɗalibaina kuke bincikawa yau a kwamfuta, shi ne wannan a takarda. Kowane layi yana ba da sunan marubuci, kan magana, mujalla, shafi da shekara. Ni kuwa lokacin ina ji da Turancina, kaina ya fi hulata girma.

Na buɗe, na ga sunan ciwon, na ga sunan wata ƙwaya da muke da ita a kabad, duk a layi ɗaya. Na ɗauka tunda an buga, an yarda ke nan.

"Ɗana, wanga magani shina tsare min idon?" in ji shi.

"In Allah ya so, Baba. Yana cikin littafi."

Na ba shi cikakken awo. Kwana huɗu aka dawo da shi a kan jaki, jiki ya kumbura, idon ya yi jawur.

Da Likita ya zo bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce in nuna masa layin. Ya ɗora yatsa a kan wani ƙaramin kai da ke sama, wanda na tsallake. Ma'anarsa illar magani. Ya nuna mini bakan da aka kewaye kan maganar da shi, alamar cewa fassara ce, ainihin rubutun da Faransanci yake.

"Malam, wannan adireshi ne. Ya gaya maka inda maganar take, bai gaya maka maganar ba."

Ya aika aka kawo rubutun ta gidan waya. Na haye Dahomey da keke, wani malamin makaranta ya karanta mini. Gargaɗi ne tun daga farko: a duba ido kafin a ba da ƙwayar, a fara da ɗan kaɗan.

Idon bai dawo ba. Na je har gidan Baba Hamani na faɗa masa gaskiya, yana zaune yana lalubar komarsa ta kamun kifi. Sai ya ce:

"Abin da Allah ya rubuta ba ya tashi. Amma ɗana, na gaba in ya zo, ka karanta mishi duka."

Har yau abin yana ci mini rai. Shi ya sa idan ɗayanku ya kawo mini kan magana daga kwamfuta yana murna, nake tambayarsa a ƙarƙashin wane kai aka sa shi, da wane harshe, kuma ko ya buɗe rubutun. Kuna cewa tsoho ya cika ƙa'ida. Mutanenmu ba sa tambayar mu shaida, ido suke miƙo mana.