Gajeren Wando a Gaban Surukina

Ina cikin malaman farko da suka koyar da boko a Gumel, wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da ashirin. Makarantar ba wata babba ba ce: ɗakuna biyu na ƙasa, da rumfa, da fili a gaba wanda hanyar kasuwa ta bi ta gefensa. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Na yi karatu a Kano, ina da riguna a adaka, ina naɗa rawani, kuma ban daɗe da yin aure ba.

Wata shekara da kaka aka kira mu Kano aka ce an sake tsarin karatu. An ƙara lissafi, an kawo labarin ƙasa da darasin tsabta, an ce kowace makaranta ta yi lambu. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe: kullum da safe yara za su fita fili su yi motsa jiki, malami kuma shi zai tsaya a gaba yana yi suna kwaikwayo. Aka ba kowannenmu usur da gajeren wando na kaki. Na ɗaga nawa na juya shi gaba da baya, na zaci yadi ne ya ƙare wa tela. Da na tambaya aka ce haka yake, kuma ba a yin motsa jiki da babbar riga.

A wajenmu, namijin da ake ganin gwiwarsa a tsakiyar gari, ko yaro ne, ko mahaukaci, ko wanda talauci ya yi wa katutu. A gona kowa na iya ɗaura warki, babu mai cewa komai. Amma malami mai gemu, a bakin hanya, yana tsalle? Ranar da na fara, mata masu zuwa rijiya suka sauke tuluna don su ji daɗin kallo. Kafin azahar gari ya sa wa abin suna rawar Nasara. Na daure, na ce aiki ne, in an gaji da kallo za a bari.

Matata ba ta gari a lokacin. Cikin fari ne da ita, ta tafi gidansu goyon ciki, a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, ta haifi ɗa namiji, ta zauna wankan jego. Na yi murnar rashinta a gida don ba ta gan ni cikin wannan shiga ba. Mahaifinta manomi ne mai 'yan shanu, dogo, marar yawan magana. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi sai in tuɓe takalmi tun daga nesa in durƙusa. Haka ake yi wa suruki, ni kuma ina yi da zuciya ɗaya, don mutum ne mai kwarjini.

Sai ga Baturen makaranta ya zo duba yadda sabon tsarin ke tafiya, zuwan nasa kuma ya faɗo ranar kasuwa. Aka kafa masa kujera a inuwar rumfa. Na jera yara, na busa usur, muka fara: hannu sama, hannu ƙasa, tsalle, juyawa. Na sha wahala wajen koya musu cewa duk abin da na yi su yi, ba tambaya, ba jira. Ranar kuwa sun fitar da ni kunya, sai ka ce mutum ɗaya ne ke motsi.

Ina cikin tsalle, hannuwana a sama, sai na ga wani takarkari ɗauke da taikunan gero ya ɓullo ta kan hanya. Na gane takarkarin kafin in gane mai jansa. Surukina ne, ya taho kasuwa, kuma tsakanina da shi bai fi jifa ba.

Ban yi shawara da kowa ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Na zare takalmi na zube ƙasa na durƙusa, na sunkuyar da kai. Yaran nan kuwa, da yake na hore su da kyau, gaba ɗaya suka zube suka durƙusa, suka sunkuyar da kai, masu takalmi har da zarewa. Wandon da da ma bai kai gwiwa ba, da na durƙusa sai ya ƙara hawa. Na buɗe baki in yi gaisuwa, na manta usur na tsakanin haƙorana, sai ƙara ta fita a madadin sallama.

Tsohon bai tsaya ba. Ya kawar da kai wajen gonakin da ke ɗaya gefen, ya ja akalar takarkarinsa ya wuce kamar filin babu kowa. Baturen ya taso yana murmushi, ya ce wannan motsi na ƙarshe bai taɓa ganinsa ba, amma yana da kyau ga cinyoyi, a ci gaba da yi. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige ban waiwaya ba.

Arba'in ta cika, ba a dawo mini da matata ba. Na ce a raina ko shiri ake yi. Kwanaki suka yi ta tafiya. Ba abin da zan iya tambaya da bakina ba ne, sai na roƙi baffana, ƙanin mahaifina, wanda shi ya karɓa mini auren, ya je ya jiyo. Ya dawo da yamma ya zauna a zaure yana karkaɗe ƙafa.

Na ce, "Baffa, me suka ce?"

Ya ce, "Sun karɓe ni hannu bibbiyu. Mai jego lafiya, yaro lafiya. Amma ya ce a ƙara haƙuri, ba a gama shiri ba."

"Wane irin shiri kuma?"

"Ni ma na tambaya, ya ce shiri dai." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ma dai, ɗan nan, duk faɗin Gumel ka rasa inda za ka yi tsirara sai bakin hanyar kasuwa?"

Daga nan barci ya ƙaurace mini. Na tabbata tsohon ya yanke cewa ko na taɓu ko na bi addinin Turawa, kuma abin da ya rage shi ne a aiko a ce in sauwaƙe wa yarinya. Ɗana ko ganinsa sosai ban yi ba, don ranar suna ɓuya na yi saboda kunyar ɗan fari. Na yi tunanin barin aikin. Na yi fushi da Bature, da telan da ya ɗinka wandon, har da yaran da ba su yi laifin komai ba. Kuma kullum da safe haka nake sa shi in fita in busa usur.

Sai wata rana da la'asar na dawo na ji guɗa a gidana. An kawo matata, da gwaggonta, da gara, da yaro ya yi ɓulɓul. Bayan 'yan rakiya sun koma ina zaune a ɗaki, ta buɗe wani ƙunshi da ke ƙasan kayan jariri, ta ajiye a gabana ba ta dube ni ba. Wando ne na saƙi, dogo, mai kamun ƙafa, ya sha rinin baba ya sha bugu yana ƙyalli.

Ta ce, "Malam, an ce in sa maka a adaka kada in ce komai. Amma ba zan iya ba."

Na ce, "Wa ya ce?"

"Baba. Ranar da ya dawo daga kasuwa ko tuwo bai ci ba. Na ji yana gaya wa Inna wai aikin Nasara ya tsiyata yaron nan, ko wandon da zai rufe gwiwa ba shi da shi, ga shi ya yi zuru bai gaya wa kowa ba. Ya ce ba zai mayar da ni in tarar da kai haka ba, kada in raina ka."

Ya so ya sa a saƙa sabo, amma audugarsa ba ta yi ba a shekarar. Sai ya ɗauki wandonsa na Sallah, wanda ba shi da wani irinsa, ya kai marina aka sake rina shi, aka buge, aka rage tsawon don kada in gane. Shirin ke nan da ake ta yi. Ni ina nan ina zargin mutumin da shirin raba ni da iyalina, shi kuwa yana can yana zirga-zirga tsakanin marina da gidan maɗinki. Kunyar da na ji a fili gaban yara wasa ce a kan ta wannan rana. A cikin adakar da ta ce za ta sa shi akwai wanduna dogaye har uku.

Da ta gan su ta riƙe baki, ta ce bari ta aika a gaya wa Baba gaskiya. Na hana ta. In ya ji, zai san ya rabu da wandonsa a banza, zai kuma san surukinsa da gangan ya tsaya a bakin hanya da cinya a waje. Na ga gara ya ci gaba da ɗaukata matalauci. Washegari na sa aka kewaye bayan makaranta da zana, motsa jiki ya koma can.

Da Sallah ta zo na sa wandon na tafi ƙauyensu gaisuwa. Na tarar da shi a ƙofar gida kan buzu, da rigarsa mai kyau, a ƙarƙashinta kuwa wani tsohon wando ne da ya koɗe, da faci a gwiwa. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Ya saci kallon ƙafafuna sau ɗaya, ya mayar da idonsa kan carbi.

Ya ce, "Malam, yaya aiki?"

Na ce, "Da godiya, Baba."

Ya ce, "To, madalla. Allah Ya rufa asiri."

Maganar ba ta taɓa wuce haka tsakaninmu ba. Ya rasu yana ganin ya suturta wani yaro mai zurfin ciki da babu ta kama, ni kuwa ban taɓa samun bakin da zan yi masa godiya ba.