Muryar Inna a ƙarƙashin shuɗi

Yayana yana da wata ɗabi'a da ba ya fashi. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya sa ordinatar shagonsa na hoto a Gazawa, wato kwamfuta, ta yi abin da yake kira jeren kaya. Wai bayanai warwatsewa suke a cikin diski kamar wake a tsakar gida, sai an tattaro kowanne wuri guda kafin na'ura ta yi sauri. Tsohuwar ordinatarsa ƙananan akwatuna take nunawa suna ta ƙyaftawa. Wadda ya saya daga baya kuwa zane-zane ne, ja warwatsattse, shuɗi jerarre. Yaya yana son shuɗin nan kamar me.

A cikin wannan ordinata muryar Innarmu take. Ni na ɗauke ta da waya tana waƙar daka, damina ɗaya kafin ta rasu. Ba mu da wata. Ranar da na zo saurare na tarar babu, Yaya ya share ta tare da tsofaffin bidiyon biki yana neman wuri.

Ranar Juma'a da safe na shiga Maradi, na tambayi wani mai gyaran ordinata.

“Abin da aka share yana nan kwance, Malama,” in ji shi, “muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. Amma kada a kuskura a yi jeren nan. Shi ke kwaso kaya ya zuba a wurin da ya ga kamar fili ne.”

Wayyo ni! Yau fa Juma'a.

Na kira Yaya, waya a kashe, ya riga ya shiga shirin masallaci. Na faɗa motar tasha mai zuwa Gazawa. Direban nan, Allah ya shirye shi, a Cadawa ya tsaya ɗaukar buhunan gero, a Agye ya tsaya gaisawa da surukinsa. Na ce, “Malam, don girman Allah mu tafi.” Ya ce, “Hajiya, haihuwa za ki karɓa?” Mota ta ɗauki dariya.

Na isa ana huɗuba. Shago a kulle, gurup, injin ba da wuta, na ta ƙugi a baya. Na leƙa ta taga, ga jeren nan ya fara, ja na raguwa, shuɗi na ci gaba a hankali. Yaya ya sha jan kunnena cewa in wuta ta yanke ana tsakiyar jere, diskin na iya lalacewa da hotunan mutane duka. Na tsaya ina kallo, kowane motsi ji nake kamar ƙasa ake turawa a kan Inna. Sai na zagaya, na yi bisimilla, na murɗe makunnin gurup.

Da Yaya ya dawo ya ji shiru, ya dube ni, na dube shi, na faɗa masa abin da mai gyara ya ce. Shi da kansa ya kwance diskin ya naɗe a ɗankwalina.

Hotunan mutane ba abin da ya same su. Ordinatocin yanzu ma da kansu suke jerensu ba wanda ya gani, sababbin diski kuwa an ce ba sa buƙata. Yaya har yau yana kewar shuɗinsa.

Waƙar dai ta tafi. Mai gyara ya yi iya yinsa, ɗan guntu ya tsamo daga farko, kafin ta fara rerawa. Ana jin taɓarya ta tsaya, Inna ta yi dariya ta ce, “Ke, kawar da abin nan daga bakina. Kin ma ci abinci kuwa?”

Duk sa'ad da na kunna, sai na amsa mata.