Aljihun da Mai-Alli Ya Ɗinka

Shagona na gyaran takalma yana jingine da nasa na ɗinki, bango ɗaya ne tsakaninmu. Mai-Alli muke ce masa, don kullum da guntun alli a bayan kunnensa. Shi kuma maƙwabci yake ce min, har ya koma ga Allah bai canza ba.

Da ciwon rawar hannu ya kama shi, zare ya daina shiga masa allura. Ciwon bai dame shi kamar tunanin rufe shago ba. Daga baya likitoci suka dasa masa 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, hannun ya natsu. Sai dai tana shan caji kamar waya. Ba a jona ta da komai. Wani ɗan faifai ake ɗorawa a saitinta, ko ta kan riga ne, wutar ta ratsa ta shiga. In faifan ya goce, caji ya tsaya.

To, mutumin nan bai iya zama wuri ɗaya ba. Zai ɗora faifan, sai ya hango ɗinki ya karkace a hannun autarsa da ke taya shi aiki, ya miƙe. Ran nan caji ya ƙare yana cikin yanka, almakashi ya ɓata yadin mutane. Na same shi ya cusa hannuwa a hammata, ya ƙi kallona.

Daga ranar na zama mai riƙe masa faifan. Ina dannawa yana tsokanata wai hannuna warin gam yake, ni kuma ina kiransa tsohuwar waya. Wata rana ya ce kar in motsa, ya zaro allin ya zagaye faifan a jikin singiletinsa.

"Maƙwabci, na sallame ka daga aiki," in ji shi.

Aljihu ya ɗinka a daidai wurin, matsattse, da ɗan maɓalli. Tun daga nan faifan na cikin aljihun, yana taka keken ɗinki, caji na shiga. Amma duk ranar caji sai ya ƙwanƙwasa min bango, wai aljihun bai iya hira ba.

Bai rufe shagon ba. Ya yi ɗinki har makon da zazzaɓi ya kwantar da shi.

Bayan rasuwarsa autar ta kawo min singiletin, ta ce Baba ya ce a ba ni. Sai ranar na lura ɗinkin aljihun ya bauɗe ta gefe ɗaya, inda babban yatsana ya tare wa allin hanya. Mutumin da ba ya barin karkataccen ɗinki ya fita daga shagonsa, wannan haka ya bar shi.