Dutsen Niƙan Inna

Ni dai ban taɓa son dajin nan ba, kuma ba zan fara ƙarya da furfura a kaina ba. Baƙi kan zo daga Kaduna su ce wurin da kyau. Da kyau mana, ga wanda bai taɓa cire ƙayarsa a dunduniya ba.

Ina goye aka tashe mu daga ƙauyenmu, zamanin Turawa, wai wurin ya faɗa cikin gandun daji. Muka dawo Kusasu. Ranar tashi matan garin ba su ɗauki duwatsun niƙansu ba, kowace ta kife nata a ƙofar ɗakinta. A wurinmu, mace in ta kife dutse, ta ce wa gida tana dawowa ke nan. In ta bar shi a buɗe, ta yi sallama. Inna ta kife nata.

Tun daga ranar ba ta yarda ta mallaki wani dutse ba. Babanmu ya sa aka sassaƙo mata, ta ce a ba wata. Shekara da shekaru tana niƙa a na maƙwabta, ana yi mata gori, ni ma ana yi mini. In na ce, "Inna, wannan wace irin wahala ce?" sai ta ce, "Ke dai ba ki da hankali. Mai dutse biyu, gida biyu gare ta."

Da aka sami mulkin kai, ta ɗauka za a ce kowa ya koma garinsu. Abin da muka gani shi ne an zo an sake shafa wa duwatsun iyaka fenti. Babanmu ya rasu, gwiwoyin Inna suka kumbura, tana nan tana jira. Wallahi jiran nan ya gajiyar da ni fiye da yadda ya gajiyar da ita.

Wata shekara bayan kaka ta ce in kai ta. Na ce ga 'ya'ya, ga sussuka, ina zan kai ki? Sai ta daina cin tuwona. To, ya zan yi? Na je wurin mai gadin dajin, wani Bagwari Kirista, da matarsa muke zuwa rafi. Ya ce, "Doka ta hana sara da farauta da sa wuta. Ban ji ta hana tsohuwa ziyara ba. Amma zan raka ku, akwai giwa."

Muka ɗora ta a jakin aro. Gamba ta fi mutum tsawo, tsando na cizo, rana na dukan ka. Ni ina ta tsaki, ita kuwa bakinta ya buɗe. Ga maɗacin da suke jiƙa ɓawonsa in ciki ya murɗa, ga kaɗanyar da uwarta ke tsinta, ga mashayar gwanki. Na ce, "Inna, ki bar ni in ji da ƙafata."

Da muka isa kufai, ba bango ba danga. Kukar bakin gari giwa ta yage ta, tana kwance tana ruɓewa. Sai duwatsun niƙan nan, nan da can cikin ciyawa, duka a kife. Inna ta sauka tana bin su da sanda, tana faɗa mini masu su. Wannan mai shi ta rasu a Tabanni. Wannan a Kazage aka binne ta. Wannan wajen haihuwa ta tafi. Nan na daina tsaki.

Nata yana da gutsure a gefe guda. Ta zauna kusa da shi ta daɗe. Na tabbata cewa za ta yi a ɗora wa jaki, har na fara shirya faɗan da zan yi, don in an ɗora dutse, ni zan goyo ta. Sai ta ce da mai gadi, "Ɗana, ku juya mini shi."

Muka sa itace muka ɓamɓaro shi, gara na zuba. Ya kwanta a buɗe. Ta share ramin da bakin zanenta, ta dafa ni ta miƙe.

Na ce, "Inna, a buɗe fa yake."

Ta ce, "Ina da ido. In ruwa ya sauka, zabin daji sa sha."

A hanyar dawowa ba ta kira sunan ko itace ɗaya ba. Tausayinta ya kama ni, har na rasa inda zan sa kaina.

Da muka huta, ta ce a sassaƙo mata dutse. Aka sassaƙo, amma gwiwa ta riga ta ƙi durƙuso. Yana nan a tsakar gidana, jikokina na zama a kai. Ko ƙwayar dawa ɗaya bai taɓa niƙawa ba.