Littafin Albasar da Muka Raba Kyauta

Shekarun baya, lokacin da na gama karatun kwamfuta na dawo gida Talata Mafara ba aikin yi, na naɗa wa kaina sarautar masanin kasuwancin intanet. Hujjata kawai ita ce na kalli bidiyo da yawa. Ko tsinke ban taɓa sayarwa ba, amma in aka zauna hira ni ne mai bayanin yadda ake tara masu saye, har da kaɗa yatsa.

Abokina kuwa aikin gona ya karanta a Bakura, ya dawo ya buɗe ɗan shagon iri a bakin kasuwa: albasa, tumatir, tattasai, latas. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda za ka yi ta yi wa faɗa har ka gaji, shi kuma ya miƙo maka ruwa. Shagon yana tafiya da ɗingishi, sai kuma aka zare masa waya a mota, ta tafi da lambobin 'yan manoman da ya fara sabawa da su. Mahaifinsa, wanda dama bai taɓa son shagon ba, ya kira shi ya yanke magana. In aka gama dashen albasar bana shagon bai tsaya da ƙafarsa ba, ya rufe ya bi yayansa Kano tsaron shagon atamfa. Abokina ba ya jayayya da mahaifinsa, to kawai ya ce. Amma ranar da yake ba ni labari na dubi idonsa, na san in aka raba shi da harkar gona an gama da shi.

Nan fa masani ya samu aiki.

"Ka gani," na ce masa, "lambar waya tana bin waya ta ɓace, imel kuwa yana nan. Ka rubuta ɗan littafi kan rainon albasa, mu ɗora a intanet kyauta. Duk mai son saukewa sai ya fara ba da imel ɗinsa. Shi ke nan sun shigo hannu. Ranar da sabon iri ya zo, saƙo ɗaya za ka tura su taho da gudu."

"Manoman namu suna da imel?"

"Duk mai babbar waya yana da shi, ko bai sani ba. Mai shagon waya ya buɗe mashi ranar da ya saye ta."

Ya juya maganar, sannan ya ce a gwada.

Cikin damina ya rubuta littafin, da Hausa mai sauƙi, da hotunan da ya tara daga fangalin noman rani na kawunsa a bakin kanal ɗin madatsar ruwan Bakolori. Yadda ake gyara wurin raino, yadda ake yayyafa iri, lokacin dashe, lokacin da ake janye ban ruwa don albasa ta yi ajiya. Ni na tsara shafukan, kuma a nan ne muka fara saɓawa. Ya sa wani shafi da ke koya wa manomi gwada iri kafin ya zuba: a ɗebi 'yan ƙwayoyi, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa ana ɗan yayyafa ruwa, bayan kamar mako a buɗe. In mafi yawa sun tsira, irin yana da rai. In ba su tsira ba, a mayar wa mai shi.

"Kai da ke saida iri," na ce, "kai ne za ka koya musu yadda za su kama ka? Cire shafin nan."

"In irina bai tsira ba ai gara su kama ni a tsumma da su kama ni a gona."

Shafin ya zauna. Muka ɗora littafin, na watsa sanarwa duk inda hannuna ya kai, na koma na zuba ido ina jiran imel su yi ta zubowa kamar ruwan Agusta. Abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Kullum da safe in duba, in ga ɗaya ko biyu, wani lokacin ma babu. Na fara sauya hanya in na hango mahaifin abokina.

Wata Talata ana tsakiyar cin kasuwa, muna zaune a shagon, wani dattijo daga Faru ya tsaya. Bayan doguwar gaisuwa, gida da iyali da ruwa da gajiya, ya zaro waya daga aljihu.

"Yaro, kai da ka saida iri, ka ga wanga littahi? Wanda yar rubuta shi ya san albasa. Bari a tura maka ka ƙaru."

Na leƙa. Littafinmu ne, da tsarina da komai. Na buɗe baki zan yi magana, abokina ya taka mini ƙafa.

"To Baba, na gode ƙwarai. A tura mani."

Haka ya miƙa sabuwar wayarsa aka tura masa littafinsa. Dattijon ba ya karatun boko, karanta masa ake yi, kuma ba a kai shafin ƙarshe ba inda sunan shagon yake. Da ya tafi na zagaya kasuwa ina bincike, sai na tarar abin ya wuce yadda nake zato. A rumfar masu cajin waya ana zuba wa mutane littafin tare da wa'azi da waƙoƙi. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa na kusa da shi waya zuwa waya, wancan ya kai ƙauyensu. Littafi ya zaga Bakura, ya zaga Maradun, imel kuwa ko oho.

Na dawo raina a ɓace. Na ce a kulle shi, a sa masa lambar sirri, kowa ya zo da ƙafarsa ya ba da imel. Abokina dariya ya yi, har da riƙe ciki.

"Kai ma ɗan garin ga ne fa. Yaushe ka ga mutuminmu ya samu abu mai kyau kyauta ya ci shi kaɗai? Kyauta muka ce, sun kuwa ɗauke mu a kan maganarmu."

Abin da ya yi bayan nan babu shi a cikin bidiyon da na kalla. Ya bi 'yan mutanen da suka ba da imel ɗaya bayan ɗaya, ya gaishe su, ya yi musu tambaya guda: ku nawa ne kuke karantawa? Amsoshin suka fara dawowa. Wani malamin makaranta a Kaya ya ce shi yake karanta wa majalisarsu bayan la'asar, shafi-shafi, ana tsayar da shi ana gardama. Wata ma'aikaciyar asibiti a Maradun ta ce matan unguwarsu masu ɗan lambu a bayan gida take karanta wa. Wani ɗan acaɓa ya ce duk ƙauyensu wayarsa ce ke shigowa gari ta samu sabis, shi yake komawa da labari. Ni ina ƙirga kawuna ina kuka da ƙaranci, ashe bayan kowane imel akwai tabarma cike da mutane.

Sai ya ƙara layi ɗaya a shafin farko na littafin: kowace majalisa ta zaɓi mutum ɗaya ya aiko da imel, za a riƙa aiko mata abin da ya dace da lokaci. Ya sake shi ya bi wayoyi kamar na farko. Jerin ya fara tsawo, a hankali dai, amma yana tsawo. Saƙonninsa kuma ya mayar da su na karantawa a bainar jama'a. Yakan fara da sallama, ya gaida dattawa, ya tambayi iyali da dabbobi, ya yi barka da ruwa, kafin ya shiga maganar iri. Na ce masa ƙa'ida ita ce saƙo ya zama gajere, a tafi kai tsaye ga talla. Ya ce shi ba zai iya shiga majalisar dattawa ba gaisuwa ba, ko ta waya ce.

Ƙarshen damina ya matso, lokacin sayen irin albasa, lokacin da shagon zai tsaya ko ya faɗi. Buhun farko da ya gwada ya yi kyau, ya kusa ƙarewa. Na biyu ya iso daga dilan da ya saba saye wurinsa ana gobe kasuwa. Ya naɗe 'yan ƙwayoyi a tsumma kamar kullum, amma da yake hannu ɗaya ne da na farko, ya yi ta sayarwa a ranar Talatar nan. Ciniki ya yi kyau irin wanda bai taɓa yi ba. Ni har na fara shirya yadda zan ba da labarin a majalisa, da nawa sunan a gaba.

Da mako ya kusa zagayowa ya kira ni shago. Tsumman yana shimfiɗe a kan tebur. Ƙwayoyin suna nan baƙi ƙirin yadda aka zuba su, 'yan ƙalilan ne suka fito da farin tsiro. Irin ya tsufa, ya mutu. Kuma ba shi da lambar ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka saya, mutanen kasuwa ne, sun watse ƙauyuka.

"Ba su zuba ba tukun," ya ce. "Suna jiran ruwa ya ɗan ja baya. Zan tura saƙo su maido."

Na ce ya tsaya ya yi tunani. Wannan saƙon za a karanta shi a kowace majalisa daga Bakura har Faru, da sunan shagonsa, a makon da mahaifinsa ke zuba ido. Na ce a tausasa kalmomin aƙalla, a ce irin yana buƙatar ƙarin dubawa.

"In manomi ya rasa raino ya rasa shekara," ya ce. "Ni in na rasa shago, Kano kawai za ni."

Ya rubuta da hannunsa. Bayan gaisuwar da ba ya tsallakewa, ya ce irin albasar da aka saya a shagonsa Talatar da ta wuce ba shi da rai, laifin nasa ne da ya sayar kafin gwaji ya nuna, kada kowa ya zuba, a dawo da shi a canza. Ya roƙi duk wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba. Ni na danna turawa.

Talata ta zo. Tun hantsi babura suka fara tsayawa a ƙofar shagon, daga Kaya, daga Faru, daga ƙauyukan Bakura, kowa da ƙullin irinsa. Ragowar buhun farko ya raba wa waɗanda suka fi nisa, sauran ya nuna musu tsumman sabon iri da ya samo daga wani hannun, ya ce su ba shi mako tsiro ya nuna. Malamin Kaya ya zaro nasu tsumman daga leda yana murmushi, ya ce ai su ma sun naɗe nasu yadda littafi ya koyar, saƙon ne ya riga su buɗewa. Na tuna shafin da na ce a cire, na tuna kalmomin da na ce a tausasa, na sunkuyar da kai ina gyara buhun da ba ya buƙatar gyara.

Can sai ga mahaifin abokina yana ratsa mutane da sauri, hularsa a karkace. An je an faɗa masa manoma sun yi wa shagon ɗansa zobe. Ya zo raba rigima, ya tarar ana gaisawa. Dattijon nan na Faru yana kan benci, ya riga ya gano cewa mai littafin ya tura wa littafinsa, ya yi salati ya yi dariya har ya gaji. Ya dubi mai shigowa.

"Alhaji, wanga ɗanka na?"

"Nawa na. Mi yay yi?"

"Shekara da shekaru muna sayen iri. In ya mutu sai a ce ƙasarmu ta, ko hannunmu na. Ba a taɓa aiko muna har gida anka ce mu maido ba, sai shi. Allah shi yi mai albarka."

Mahaifin ya gyara hula. Ya dubi tsumman da ke kan tebur, ya dubi ɗansa. Aka matsa masa ya zauna a gefen bencin, bai tashi ba har kasuwa ta watse.

Shagon yana nan har yau, ya ma haɗe da na kusa da shi. Ni kuma yanzu da irin wannan aikin nake cin abinci, ina tsara wa masu sana'a littattafan kyauta da saƙonnin imel. Duk wanda ya zo yana tambayar dabarar da jerinsa zai cika da sauri, nakan tambaye shi ko yana da abin da zai faɗa wa mutanen nan ranar da faɗin ba zai yi masa daɗi ba. Wasu ba sa dawowa. Ban taɓa ganin mutumin da ya riƙe amanar masu sauraronsa kamar abokin nan nawa ba.

Maganar Kano ba a sake tayar da ita ba, ba a kuma taɓa cewa an janye ta ba. Abin da na sani kawai, a yammacin ranar da aka dawo da irin, muna rufe shago, mahaifin abokina ya kira ni gefe. Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya ɗora mini a hannu yana kallon wani wajen.

"Abin ga da kuka aika ma mutane," ya ce, "ni ba mutum ba na? Sa ni ciki."